Riga Mai Ɗinki a Waje

Cikin duk ranakun da na yi a bayan kanta, wadda ban taɓa iya mantawa da ita ba ita ce ranar da wani ɗan makaranta ya roƙe ni in sayar masa da siliki na ainihi, sannan in je in ce wa mahaifinsa ba siliki ba ne. Ku da kuka fara aiki da ni kwanan nan kuna yawan yi da ni a bayan idona, wai Maman Ishaku ta cika bin diddigi, ba ta bari a sa wa yadi almakashi sai ta ji wanda zai sa shi da abin da za a yi da shi. Ina jin ku sarai, kunnena bai tsufa ba tukuna. To ku zauna in faɗa muku inda na samo wannan halin.

A wancan lokacin, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, maigidana yana karatun digirinsa na uku a Kuala Lumpur, muna haya a unguwar Sentul. Zaman gida ya ishe ni, sai Allah ya haɗa ni da aiki a wani shagon yadi a Brickfields, unguwar Indiyawa da ke jikin babbar tashar jirgin ƙasa. Mai shagon wata dattijuwar Ba'indiya ce, muna ce mata Madam Saroja. Mijinta ne ya kafa shagon, da ya rasu ta ci gaba da riƙe shi. A ƙarƙashinta akwai mai kula da kanta, sai mu masu jiran kanta, sai tela a saman bene. Ta ɗauke ni ne saboda 'yan Afirka sun fara yawa a garin, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti, tana son wadda za ta iya da su. Duk baƙin mutumin da ya leƙo, ko daga wace ƙasa yake, sai in ji an ce, Rahila, ga naki.

Kayan shagon kashi uku ne, kowanne da bangonsa. Bangon ciki na siliki ne zalla, wanda tsutsa ta yi zarensa. Na tsakiya gauraye ne, siliki da auduga ko da wani zaren daban. Na bakin ƙofa kuwa, wanda ya fi ɗaukar ido kuma ya fi tafiya, babu ko sili ɗaya na siliki a jikinsa, zaren roba ne da inji ya goge har ya yi sulɓi, a samansa an rubuta silky. A makona na farko Madam ta tsayar da ni a gaban wannan rubutun ta yi mini karatu. Ta ce Turawa ne suka ɗauki sunan siliki suka ɗaura masa 'yar wutsiya, don su samu abin kiran duk wani abu da ya ɗauko halinsa, santsin da laushin da ɗan sheƙin nan, ko gashi ne, ko fata, ko ma murya. Ta ce kalmar nan alkawari take yi wa hannu kawai, ba ta ce komai a kan tsutsa ba. Ni kuma na ce mata mu ma siliki ɗin daga bakin Turawa muka aro shi, kafin nan kakanninmu alharini suke cewa, wanda suka samo wajen Larabawa. In kuwa hali muke nufi, sai mu ce mai santsi, ko mai sulɓi, ko mu ce kamar siliki. Ta ce to in riƙe wannan kamar ɗin da kyau, don a nan amanar mai kanti take.

Ita ce ta koya mini gwajin da nake sa ku yi. A zare sili ɗaya daga bakin yadi, a ƙyasta ashana a kanga masa. In siliki ne zai yi ƙaurin gashin da aka babbake, ya bar ɗan baƙin gawayi da ke murjewa tsakanin yatsu. In roba ce za ta narke ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda. Auduga kuwa ƙamshin ƙonanniyar takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Dokar Madam guda ɗaya ce, yadi ba ya fita daga shagonta da sunan wani yadin. A kan wannan kaɗai na taɓa jin ta ɗaga murya.

Shekarar da abin ya faru, bikin fitilu na Indiyawa da ƙaramar Sallah sun zo kusan tare. Ana cikin azumi, shago ya cika maƙil, matan Indiyawa suna ɗaga sari, dogon zanen nan nasu, matan Malay suna neman na ɗinkin Sallah, mu kuma ko zama ba ma samu. Cikin wannan turmutsitsin na hango wani dogon yaro siriri da jakar goyo. Ya wuce bangon ƙofa, ya wuce na tsakiya, ya je ya tsaya a bangon ciki yana taɓa fararen yadi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ja hankalina shi ne ba da yatsu yake taɓawa ba, cikin wuyan hannunsa yake gogawa a hankali, wajen da fata ta fi laushi.

Na gane ɗan gida ne tun kafin ya buɗe baki. Na matsa na gaishe shi da Hausa, na ce ƙanena, ko dai an samu 'yar Malay ne ake neman abin toshi? Ɗaliban nan da ke zuwa mana in aka yi musu irin wannan tsokanar dariya suke yi har su ba da labari. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya dube ni, idanunsa suka cika da ƙwalla, nan take na san na taka inda bai kamata ba. Na ja shi bayan kanta na ba shi kujera.

Sunansa Bashir, ɗan Kano ne, yana shekara ta biyu a wata kwaleji, yana zaune a unguwar Wangsa Maju. Mahaifinsa, Alhaji Mamuda, an kawo shi jinyar ciwon daji a wuya, ana yi masa gashin nan na na'ura. Gashin ya ƙona masa fatar wuya da kafaɗu da saman ƙirji, ta ɗaye ta zama ɗanye. Shadda in ta taɓa wurin kamar wuƙa take, singileti kuma ɗinkinta ke cin sa. Bashir ya taɓa sayo masa irin na bakin ƙofar nan a wata kasuwa, don ya ji shi da sulɓi, ashe ya fi komai muni. Roba ba ta shan gumi, ga zafin garin, sai ta manne wa ciwon. Yanzu dattijon a gida yake wuni ba riga, ya hana kowa shigowa duba shi saboda kunya. Amma in lokacin salla ya yi ba ya yarda ya tsaya gaban Ubangijinsa kafaɗa a waje, sai ya sa rigarsa. In ya idar, sai an jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin a iya raba ta da fatarsa, kuma haka ake yi kowace salla.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba su shawara su gwada siliki na ainihi, marar nauyi. To a nan gizo ke saƙar. A addininsu an hana maza sa siliki zalla, mata ne aka halatta wa. Bashir ya je masallaci ya yi tambaya, malamin ya ce masa akwai rangwame ga mai lalurar fata, babu laifi ko kaɗan. Ya dawo da murna ya faɗa wa mahaifinsa. Dattijon ya ce ya ji, amma shi ba zai sa ba, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Da Bashir ya ce to zai nemo wani mai kama da siliki wanda ba ya zafi, sai ya ce ya yarda, amma da sharaɗin mai sayarwa ya zo ya faɗa masa sunan yadin da bakinsa.

"Anti, please, abu ɗaya nake roƙo," in ji Bashir. "Ki yanka mini original, mai kyau. Na ce masa akwai wata 'yar gida a Brickfields. Just ki zo ki ce masa silky ne, irin na bakin ƙofa. Baba bai san yadi ba, wallahi ba zai taɓa ganewa ba."

Na ce masa ni ban saba kiran yadi da sunan da ba nasa ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Likita ya kira shi shi kaɗai ya ce ciwon ya wuce inda magani ke kaiwa, abin da ya rage a lallaɓa shi kawai. Bai gaya wa mahaifin ba, bai gaya wa Hajiya mahaifiyarsa da ke jinyar ba, kullum ce musu yake likita ya ce ana samun sauƙi. Ya ce shi ba warkewa yake nema a wajena ba, so yake ɗan abin da ya rage wa Baba ya yi shi ba tare da ana ɗaye masa riga ba. Yaron bai fi ƙanena na uku ba, ga shi yana ɗauke da abin da manya ma ke kasa ɗauka.

Ƙa'idar aiki ita ce duk abin da ya fi ƙarfin mai jiran kanta a kai wa Madam. Na same ta a ɗan ofishinta na kwashe komai na faɗa mata. Na ce mata ai dokarta don kada a cuci mai saye aka yi ta, nan kuwa ba cuta, mai tsada ma za a kira mai araha. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa.

"Boleh, ki yanka masa," ta ce, wato an yarda da yaren Malay. "Yadin nawa ne, bakin naki ne. Amma ni ban taɓa raba dokata biyu ba, in ce ga ta ƙaryar riba, ga ta ƙaryar tausayi."

Ta ba ni izinin fita da yamma, duk da cikar shagon. Na yanka farin siliki marar nauyi, wanda ya fi kowanne laushi a bangon ciki. Na ce wa Bashir zan bi shi, amma ban yi masa alkawarin abin da zan faɗa ba. Shi dai ya ɗauka na yarda, har da yi mini godiya.

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin jirgin da ya kai mu Wangsa Maju zuciyata biyu ce. Ni Kirista ce, hanin nan ba nawa ba ne, kuma malaminsu da kansa ya ce babu laifi. Na riƙa ce wa kaina taurin kan tsufa ne kawai, kalma ɗaya ce zan faɗa mutum ya samu barci. Har muka sauka muka hau bene ban san wadda za ta fito daga bakina ba.

Gidan irin na ɗalibai ne. Abokan zaman Bashir sun kwashe kayansu sun koma wajen wasu abokai, suka bar wa iyayen ɗakunan. Hajiya ce ta buɗe mana, hannunta da ludayi, tana dama kunun buɗa baki. Alhaji yana zaune a kan tabarma a falo, fanka na kaɗa masa baya. Da ya ji sallamar mace sai ya yi wuf ya ja tawul ya yafa a kafaɗa. Na ga yadda fuskarsa ta yamutse lokacin da tawul ɗin ya sauka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu da jiki.

Muryarsa ta dishe, sai an kasa kunne. Ya tambaye ni 'yar ina ce, na ce Kaciya. Nan take fuskarsa ta saki. Ashe sana'arsa ke nan tun yana saurayi, sayen citta daga ƙasarmu yana kaiwa Kano. Ya riƙa lissafo mini ƙauyukanmu da kasuwanninsu, har da inda mota ke kafewa da damina. Ya ce shekara da shekaru yana hulɗa da mutanenmu, ba a taɓa cika masa ƙasan buhu da ƙasa ba. Na ce Baba, to lallai ba ka taɓa saye wajen kawuna ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Hajiya ta leƙo tana cewa rabon da ta ji dariyarsa tun suna gida.

Bashir ya warware yadin ya ɗora masa a cinya. Dattijon ya shafa shi da bayan hannu, ya sake shafawa, ya ɗaga ya ga yadda yake zubowa. Na ga yana so, wannan ko makaho ya gani.

"'Yata, ni buhu na sani, ban san yadi ba," ya ce. "Abin da kika faɗa shi zan ɗauka. Wannan siliki ne, ko mai kama da shi?"

Bashir yana tsaye a bayansa, ya kafe ni da ido. Na dubi tawul ɗin da ya riga ya fara jiƙewa a wajen wuya. Na dubi mutumin da ya ce abin da na faɗa shi zai ɗauka.

"Siliki ne, Baba," na ce. "Na ainihi, babu gauraye."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe yadin a hankali ya ajiye gefe. Ban iya kallon wajen Bashir ba. Tunda na riga na ɓata, sai na ce bari in yi iyakar ƙoƙarina ta hanyar gaskiya. Na gaya masa mai kama da shi ɗin cutar da shi zai yi, kamar yadda ya riga ya gani. Na ce na ji an ce malamai sun yi rangwame ga mai irin lalurarsa, na roƙe shi don Allah ya dubi wahalar da yake sha, ya dubi yaron nan da ya rame a tsaye. Ya bar ni har na gama.

"Na sani, 'yata. Malamai ba su yi ƙarya ba, wanda ya sa don lalura ba shi da laifi, ni ma ba zan hana wani ba. Amma tun ina yaro aka gaya mini wanda ya haƙura da shi a nan, a can Aljanna za a tufatar da shi da shi. Ina da halin saye na ƙi saye, shekara da shekaru ina jira. Yanzu da ya rage saura kaɗan ne zan gaza?"

Ya juya a hankali, don wuyan ba ya juyuwa sosai, ya nemi ɗansa da ido.

"Bashiru, ka ɗauka ban sani ba ne? Ni fa nake cikin jikin nan."

Yaron ya zube a gabansa ya kifa kai a gwiwarsa yana kuka, kukan da na tabbata ya daɗe yana haɗiyewa. Uban ya ɗora masa hannu a ka. Hajiya da ke tsaye a ƙofar kicin ba ta tambayi abin da ake nufi ba, ta juya ciki kawai, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. A nan na gane su ukun kowa ya sani, kowa kuma yana ɓoyewa don ya tausaya wa sauran.

Da zan tafi Alhaji ya ce kada a mayar da yadin, a ɗinka wa Hajiya, ita an halatta mata. Ya sa mini albarka. Bashir ya raka ni har bakin bene bai ce mini ko sai an jima ba. Na koma gida zuciyata a jagule. Na faɗi gaskiya, amma gaskiyar tawa ba ta rufe wa kowa kafaɗa ba, kuma na san kafin in kai Sentul an sake jiƙa riga a gidan nan.

Washegari na ba Madam labarin yadda aka yi. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba, ta dai tambaye ni faɗin kafaɗar dattijon. Da aka kwana ta shigo da wani ƙunshi a hammata, ta kira ni ofis ta kwance. Fararen zannuwa ne na auduga, irin waɗanda mazan Indiya ke ɗaurawa, suna ce musu beshti. Na maigidanta ne. Ta ce tun rasuwarsa suna cikin kabad, ba ta iya bayarwa ba, ba ta kuma iya buɗewa ba. Ta ce a wajensu jariri sabon haihuwa ba a naɗe shi da sabon yadi, sai da tsohon irin wannan da ya sha wanki, kuma a ƙarshen jinyar mijinta su kaɗai jikinsa ke karɓa.

Na goga ɗaya a wuyan hannuna kamar yadda na ga Bashir ya yi. Na daɗe ina taɓa yadi, amma ban taɓa jin laushi irin wannan ba. Ba ya sheƙi, ba ya sulɓi, sai dai ka rasa inda ya taɓa ka. Shekarun wanki da shanya da guga sun cinye duk wani kaushi da ke jikinsa.

Madam ta hau bene da kanta ta yi wa tela bayani. A yanke bakin zanen mai ado a ajiye. Kada a sa kwala, kada a sa maɓalli, wuya ya zama mai faɗi, a buɗe gefe ɗaya a sa 'yan igiyoyi don kada sai an cusa kai. Babban abin kuma, duk ɗinkin a juyo shi waje, ta yadda ciki zai zama sumul. Telan ya yi ta mita, wai ana gab da biki an ajiye masa aikin mutane, kuma duk wanda ya ga rigar zai ce bai iya ɗinki ba. Da aka gaya masa ko ta wace ce sai ya ja keken ɗinkinsa ya kama aiki. Riguna uku suka fita.

Ni na kai su. Bashir ya buɗe mini ƙofa fuska ba yabo ba fallasa. Kafin Alhaji ya tambaya na zare sili ɗaya daga gefen riga, na karɓi ashana wajen Hajiya, na ƙona a gabansa. Na miƙa masa ya shinshina, na murje tokar a tafin hannunsa, na ce Baba, auduga ce zalla. Sannan na faɗa masa sauran, don ban ga amfanin in faɗi rabi in bar rabi ba. Na ce ba sabon yadi ba ne, zanen mijin uwar ɗakina ne da ya rasu, Ba'indiye ne, ba Musulmi ba, an wanke an goge. Na ɗauka a nan ma zai naɗe ya ajiye.

Na koma kicin wajen Hajiya, Bashir ya sa masa rigar. Da aka kira mu na same shi a tsaye. Ya ɗaga hannuwansa biyu zuwa kunne kamar zai tayar da salla, ya sauke. Ya sunkuya ya dafa gwiwa, ya ɗago. Rigar ta bi shi ta dawo, ba ta kama ko'ina ba. Ya dubi ɗinkin da ke waje ya ce wannan ai ɗinkin buhun citta ne, an kawo masa abin da ya sani. Sai ya tambaye ni ko matar mamacin ce ta riƙa wanke zanen har ya zama haka. Na ce ita ce.

"Ki ce mata na gode, Allah ya saka mata da alheri. Ki ce mata ta iya wanki."

Da na isar wa Madam da saƙon dariya ta fara yi, sai kuma ta shige ofis ta rufe ƙofa. Ba mu sake ganinta ba sai da aka kusa tashi.

Alhaji da rigar ya yi Sallah. An buɗe ƙofa, ɗalibai 'yan gida suka yi ta zuwa gaishe shi, ni da maigidana ma mun je, Hajiya ta cika mu da tuwo da miyar taushe, tana yafe da farin silikin nan. Bayan Sallah Alhaji ya ce shi a mayar da shi gida Kano. Bai kai babbar Sallah ba.

Sai da aka koma makaranta Bashir ya sake leƙo shagon. Ya ƙara ramewa, amma idonsa ya washe. Ya miƙa wa Madam riga ɗaya a wanke a goge, ya ce Baba ne ya yi wasiyya a mayar wa mai abu ɗaya daga ciki. Ta karɓa da hannu biyu. Ni kuma ya ba ni ɗan ƙullin busasshiyar citta, ya ce shi ma saƙon Baba ne. Ya ce ranar nan ya ji haushina kamar me, har ya yi niyyar ba zai ƙara yi mini magana ba. Amma daga ranar suka daina yi wa juna ƙaryar sauƙi, uban ya zaunar da shi ya gaya masa duk abin da yake son gaya masa, shi ma ya tambayi duk abin da yake son tambaya.

"Anti, ni na taya aka sa shi a likkafani," ya ce. "Farin alawayyo ne, mai kaushi. Ina naɗe shi ina cewa a raina, Baba, kaɗan ɗin ma ya ƙare."

Na riƙe ƙullin cittar na yi ta kuka a bayan kanta, masu saye suna kallo, ba wanda ya ce in tashi.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Hannu yana gaya maka santsin yadi, ashana tana gaya maka asalinsa, amma abin da yadi yake nufi a wajen mai sa shi, wannan sai shi ya faɗa maka, kuma ba zai faɗa ba sai ya yarda da bakinka. Da na ce wa dattijon nan mai kama ne, da ya sa ya ji daɗi, da kuma na raba shi da abin da ya yi rayuwarsa yana jira ba tare da ya sani ba. Da kuma na tsaya a faɗin gaskiya kawai na koma gida, da har ya bar garin ana jiƙa masa riga. Aikin mai kanti shi ne ya kira yadi da sunansa, sannan kada ya huta sai ya samo wanda zai yi wa mutum amfani, ko da ba a kan kanta yake ba.

Don haka in kuka zo mini da yadi a hannu na ce wa zai sa, kada ku tura baki. Ku koma ku tambayo, almakashin zai jira.